Tambaya da Amsa: Me ke riƙe fata har ba ta ɗayewa?

Tambaya: Likita, akwai jariran da ko riga ta ɗan goge su sai fatarsu ta yi bororo, ba tare da ƙuna ba. Me ke haɗe fata, kuma me ke kwancewa?

Amsa: Fatar sama ƙwayoyin halitta ne jere hawa-hawa, kowace ƙwaya tana ɗinke da maƙwabtanta da wasu maɓallai na furotin da ake kira dasmosom. Sai dai maɓalli shi kaɗai ba ya riƙe komai. Daga cikin ƙwayar, an ɗaure shi da zaruruwan wani furotin mai suna keratin, masu ratsa ta daga gefe zuwa gefe, don haka idan aka ja fata, nauyin yakan rarrabu a kan ƙwayoyi masu yawa. Hawan ƙasa kuma an kafe shi a kan shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa da wasu turaku, su ma a keratin suke ɗaure.

Abin da kuka kwatanta ya yi kama da cutar gado mai suna efidamolisis bulosa. A nau'inta mafi yawa, keratin 5 ko keratin 14 ne ke da tangarɗa. Maɓallan lafiyarsu ƙalau, zaren ne ba ƙwari, sai ƙwayar ta fashe, ruwa ya taru. Idan kuwa kolajin 7, furotin da ke ɗaure shimfiɗar nan da fatar ƙasa, ne ya lalace, rabuwar ta fi zurfi, tana barin tabo.

A wata cutar bororo kuma, famfigus, garkuwar jiki ce ke kai wa maɓallan hari, wato furotin ɗinsu masu suna dasmogilin 1 da 3, kuma sau da yawa gyambon kan fara a baki. Wata ƙwayar cuta, stafilokokus, tana fitar da guba mai datse dasmogilin 1 kaɗai, bororonta a sama-sama yake. Saboda haka likitan fata kan yanki ɗan ƙaramin yanki ya duba zurfin da fatar ta rabu, domin nan ne ake gane cutar.

Tsare ruwa kuwa aikin wani ɗinki ne daban kusa da sama, mai ɗauke da wani furotin mai suna kilodin 1. Ɓerayen gwaji da aka haifa babu shi sun mutu cikin kwana guda saboda ruwan jiki ya tsiyaye ta fata.

Kafin ganin likita, a cire tufafi masu kaushi, kada a manna filasta mai danƙo, kuma a ɗauki jaririn ta ƙarƙashin mazaunai da wuya, ba ta hammata ba.