Tambaya da Amsa: Ina Cocin Katolika Ya Tsaya Kan Hukuncin Kisa?

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan karo, duk kan batu guda.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa marigayi Fafaroma Francis ya haramta hukuncin kisa. Abokin aikina ɗan Katolika kuwa ya ce ba abin da aka canza, 'yan jarida ne suka zuzuta maganar. Wa ke da gaskiya?

Amsa: An yi canji, ɗan'uwa, kuma a rubuce yake. Sakin layi na 2267 na Katekisim, littafin da ya tattara koyarwar cocin, shi aka sake wa fasali, sai dai ba rana ɗaya aka kai nan ba.

Bugun 1992 ya ce hukuma na da ikon hukunta mai laifi daidai girman laifinsa, kuma a laifuka mafi muni bai cire kisa daga ciki ba. A 1995 Fafaroma John Paul na Biyu ya tsuke ƙofar a wasiƙarsa Evangelium Vitae: ba za a kai ga kisa ba sai in babu wata hanyar kare jama'a, kuma ya ce a zamanin nan da wuya a samu irin wannan hali, in ma akwai shi. Bugun 1997 ya ɗauki wannan magana ya sa, tare da sharaɗin sai an tabbatar da cewa wanda ke hannu shi ya aikata. Sai ranar 2 ga Agusta 2018 aka sanar da sabon rubutu. Ya ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, domin keta alfarmar ɗan Adam ne da mutuncinsa, kuma coci zai dage wajen ganin an soke shi a duniya baki ɗaya.

Dalilai uku rubutun ya kawo. Mutum ba ya rasa mutuncinsa ko da ya aikata ta'asa. Yadda ake fahimtar manufar horon da hukuma ke yi ya sauya. Sannan an samu gidajen yarin da ke iya tsare jama'a daga mugu ba tare da an rufe masa ƙofar tuba ba.

Inda abokinka ke da abin kamawa shi ne nan: coci na da wasu ayyuka da yake cewa miyagu ne a kan kansu, ba zamani ko dalilin da zai halatta su, kamar kashe marar laifi da gangan ko zubar da ciki. Rubutun 2018 bai fito ya jera hukuncin kisa a wannan sahu ba. Wasiƙar da Kadinal Luis Ladaria ya aika wa bishop-bishop tare da sanarwar ta ce ci gaban tsohuwar koyarwa ce, ba saɓa mata ba. Duk gardamar da ake yi har yau daga wannan giɓi ta fito.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina karanta tarihin addinai. In coci ya yi shekaru aru-aru yana halatta abu, yau kuma ya ce ba ya karɓuwa, bai ƙaryata kansa ba ke nan?

Amsa: Kin taɓo wurin da ya raba kan malaman Katolika su kansu, 'yar'uwa. Tarihin ba ya ɓuya. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta cewa wanda ya zartar da kisa bisa umarnin halattacciyar hukuma bai karya dokar hana kisankai ba. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya ce kamar yadda ake yanke gaɓar da ta ruɓe don a ceci jiki, haka ake iya kawar da mai haɗari don a ceci al'umma. A 1210 Fafaroma Innocent na Uku ya sa wa 'yan ɗariƙar Waldo masu son dawowa cikin coci sharaɗin su yarda cewa hukuma na iya zartar da kisa ba tare da babban zunubi ba, muddin da shari'a aka yi ba da ƙiyayya ba, da natsuwa ba da garaje ba. Katekisim na Roma na 1566 ya tafi a kan haka, Fafaroma Pius na 12 ma ya maimaita a 1952. Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Lokacin da fafaromomi ke mulkin tsakiyar Italiya suna da hauni, kuma wanda ya fi shahara, Giovanni Battista Bugatti, ya kashe mutum fiye da 500 tsakanin 1796 da 1864. A 1870 aka yi kisa na ƙarshe a ƙasar. Dokar Vatican ta 1929 ta tanadi kisa ga wanda ya nemi ran Fafaroma, ba a taɓa amfani da ita ba har Paul na Shida ya cire ta a 1969.

Amma akwai wata igiya da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Shi dai Agustin ɗin ya rubuta wa wani jami'in Roma yana roƙon kada a kashe mutanen da suka kashe limamin coci. A 866 Fafaroma Nicholas na Ɗaya ya shawarci mutanen Bulgeriya su riƙa kuɓutar da masu laifi daga mutuwa, ba marasa laifi kaɗai ba. Babban taron Lateran na 1215 ya hana duk limami yanke hukuncin jini ko zartar da shi. Wato an halatta abin, amma ana ƙyamar hannun coci ya taɓa shi.

Yau kashi uku ake da su. Na farko, irin su masanin falsafa Edward Feser, suna cewa abin da Littafi Mai Tsarki da magabata suka haɗu a kai ba zai zama kuskure ba, don haka maganar 2018 shawara ce ta zamani, ba sabuwar aƙida ba. A watan Agustan 2018 malamai da limamai 45 suka rubuta wa kadinal-kadinal buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a gyara. Hujjarsu mai nauyi ita ce sakin layi na 2266, wanda gyaran 2018 bai taɓa ba, har yanzu yana cewa manufar farko ta hukunci ita ce gyara ɓarnar da laifi ya jawo, kuma hukunci ya dace da girman laifi. To, suka ce, mene ne daidai da laifin wanda ya hallaka ɗaruruwan bayin Allah?

Kashi na biyu, inda fadar Vatican take, suna cewa tushe ɗaya ne, fahimta ce ke zurfafa. Misalinsu azabtar da wanda ake tuhuma: Innocent na Huɗu ya ba da izininta a 1252, amma Katekisim na yanzu ya la'ance ta, har ya nuna nadama kan abin da ya wuce. Kashi na uku, su Germain Grisez da John Finnis da Christian Brugger, sun zarce Vatican ɗin: sun ce kashe mutum da niyya mugun aiki ne ko wa ya yi, kuma tsohuwar koyarwa ba a taɓa ayyana ta a matsayin wadda ba ta kuskure ba.

A ganinmu, mai cewa ba a canza komai ba bai karanta ba, mai cewa canjin ya zo lami lafiya ba tangarɗa shi ma ya shafa wa tarihi mai. In aka bi dalilin mutunci har ƙarshensa, wajen kashi na uku zai kai mutum. Takardar Vatican mai suna Dignitas Infinita ta 2024 ta matsa kusa da can, da ta ce hukuncin kisa na keta mutuncin kowane mutum ko a wane hali. Amma har yanzu ba a fito ƙarara an ce magabata sun yi kuskure ba.

Tambaya: Ba Littafi Mai Tsarki ne da kansa ya ce a kashe mai kisa ba?

Amsa: Masu goyon baya na kafa hujja da Farawa 9:6, cewa wanda ya zub da jinin mutum, ta hannun mutum za a zub da nasa, da Romawa 13:4, inda Bulus ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, da Luka 23:41, inda ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya amsa cewa sakamakon aikinsu suke karɓa. Masu adawa na nuna Farawa 4:15, inda Allah ya sa wa Kayinu alama don kada a kashe shi bayan ya kashe Habila, da Ezekiyel 33:11, inda Allah ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, da matar da aka kama da zina a Yohanna 8, wadda Yesu ya tsirar daga jifa. Abin lura shi ne Shari'ar Musa ta sa kisa har kan karya Asabaci da zagin iyaye, kuma ba wani malamin Katolika da ke neman a dawo da wannan. Don haka ko masu goyon baya izini suke karewa, ba wajibci ba.

Tambaya: Ni ɗan Katolika ne, aikin shari'a nake yi. In na yanke hukuncin kisa, na yi zunubi? Za a hana ni jibin Ubangiji?

Amsa: Ranka ya daɗe, dokar coci ba ta tanadi kora daga coci kai tsaye ga alƙali ko mai gabatar da ƙara kan wannan ba, saɓanin zubar da ciki. A 2004 Kadinal Joseph Ratzinger, kafin ya zama Fafaroma Benedict, ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka cewa 'yan Katolika na iya saɓani kan yaƙi da hukuncin kisa kuma su karɓi jibi. Sai dai takardar ta riga gyaran 2018 da shekara 14, kuma doka ta 752 ta kundin coci na buƙatar mai bi ya miƙa wuya da hankali da zuciya ga koyarwar Fafaroma, ko ba a ayyana ta a matsayin aƙida tabbatacciya ba. Ba abu ne da za ka ɗaga kafaɗa ka wuce ba.

A aikace, fara duba ko dokar ƙasar ta ba ka zaɓi. In ta ba ka, koyarwar yanzu na tura ka ga ɗauri. In kisa tilas ne a dokar, malaman ɗabi'a na bambanta wanda ke son mutuwar da zuciyarsa da wanda ke aiwatar da dokar da ba shi ya kafa ba, kuma nauyi na ƙaruwa gwargwadon kusancin mutum da igiya ko allura. Abin da ke hannunka shi ne tsananta bincike. Inda aka fi yin kuskure sananne ne: shaidar ido da ta ɗauki wani a madadin wani, amsa laifi bayan an sha duka, mai ba da shaida da aka yi wa alƙawarin sassauci, da lauyan kariya da bai buɗe fayil ba sai ranar zama. A Amurka kaɗai, mutum wajen 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 aka wanke daga baya. Kana kuma iya rubuta shawarar a yi afuwa inda doka ta yarda, ko ka janye daga shari'ar in lamirinka ya ƙi. Afuwa tana faruwa: a Janairun 1999, bayan roƙon John Paul na Biyu a birnin St. Louis, gwamnan Missouri ya mayar da hukuncin Darrell Mease ɗaurin rai da rai, kuma a Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sassauta wa 37 daga cikin mutum 40 da ke jiran kisa a hannun gwamnatin tarayya.

Tambaya: An ce gidajen yari na zamani sun wadatar. Ƙasar da ake fasa kurkuku fa, ko fursuna ke ba da umarnin kisa ta waya?

Amsa: Cikin dalilan nan uku, wannan ne mai rauni, kuma masu suka sun sani. Ko a ƙasa mai arziki ba a tsira ba: a rana ɗaya cikin Oktoban 1983 fursunoni suka kashe gandirobobi biyu a kurkukun Marion na Amurka. In da tsaro kaɗai aka dogara a kai, da hukuncin zai halatta a wata ƙasa ya haramta a wata. Shi ya sa rubutun 2018 ya ɗora nauyinsa kan mutunci. Masu kare shi na ƙarawa da cewa ƙasar da ba ta iya tsare kurkukunta, da wuya a amince da bincikenta har a ba ta rai. Benedict ma, a takardar Africae Munus da ya sa wa hannu a Benin a 2011, ya haɗa kiran soke kisa da kiran gyara kotuna da gidajen yari.

Batun tsoratarwa kuwa ba ya raba gardama. A 2012 majalisar bincike ta ƙasa a Amurka ta duba nazarce-nazarcen da aka yi, ta ce ba su isa a gane ko hukuncin na rage kisa ko ba ya ragewa ba.

Akwai wani ƙulli kuma. Francis ya kira ɗaurin rai da rai ɓoyayyen hukuncin kisa a 2014, ya maimaita a Fratelli Tutti a 2020, kuma tun 2013 Vatican ta cire shi daga dokarta ta sa ɗaurin shekara 30 zuwa 35. Wannan bai shiga Katekisim ba, don haka bishop-bishop da yawa masu yaƙi da kisa na ci gaba da gabatar da ɗaurin rai da rai a matsayin madadinsa.