Ga malamin da aka ƙaryata kan bidiyon 'yan sama jannatin Rasha

Salam Malam. Tun jiya na ga tambayarka na kasa wuce ta, wai ka nuna wa ɗalibanka bidiyon ɗan sama jannatin Rasha ya fito wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, ya saki ƙaramin tauraron ɗan'adam da hannu, yara suka ce haɗi ne, in da gaske ne me ya hana abin ya faɗo ƙasa, kana neman yadda za ka gamsar da su. Wallahi kamar labarina ka ba da, sai dai ni ba yaran ne suka fara ba, abokin aiki ne.

Ni wanda na nuna shi ne na 17 ga Agustan 2017, Fyodor Yurchikhin da Sergey Ryazanskiy, sun yi awa 7 da minti 34 a waje suka saki ƙananan taurari 5 da hannu, har da wanda jami'ar fasaha ta birnin Tomsk a Rasha ta ƙera. Da kuɗin aljihuna na sa data na sauke shi, na je wajen mai caji na cika waya don ba wuta, yara sun zagaye ni shiru har da waɗanda ba sa taɓa natsuwa a aji, kawai sai ga wani babban malami ya leƙo ta taga, ya kalla ko minti ɗaya bai yi ba ya kwashe da dariya ya ce Malam kai ma ka yarda da wannan shirin fim ɗin, ji yadda ya wurga shi kamar ba komai. A gaban yara fa. Mutumin da nake gaisarwa har ƙasa kullum da safe. Ajin ya kece da dariya, ni ina tsaye riƙe da waya bakina ya mutu, ba don ba ni da amsa ba sai don ya girme ni kuma ba zan yi sa'insa da shi a gaban ɗalibai ba. Bai tsaya nan ba, ya kai maganar ofishin malamai, duk wanda ya shigo sai ya maimaita masa, wai ina ɓata wa yara lokaci maimakon in gama silabas. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Abin da ya fi yi min ciwo wata yarinya ce mai ƙoƙari da ta fi kowa tambaya, daga ranar ta daina ɗaga hannu, tsoron kar a yi mata dariya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma bai taɓa cewa in yi haƙuri ba.

To batun faɗowa, ka ce musu tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, sama da mu da kamar kilomita 400, kowane minti 90 ta zagaye duniya. Duk abin da ke tare da ita da wannan gudun yake tafiya, shi mutumin da abin da ke hannunsa. Kamar kana cikin mota tana sheƙa gudu ka cilla lemo sama, hannunka zai dawo ai, ba baya zai tafi ba. Don haka sakin da ya yi bai rage wa tauraron gudu ba, ƙasa tana janyo shi kam, amma saboda tsananin gudu yana faɗowa duniya tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta zagaye. Kuma ba wurgi na ganganci ba ne, ta baya suke tura shi a hankali don kar ya dawo ya daki tashar.

Kuma kar ka ce musu ba ya faɗowa sam, za su kama ka. Akwai 'yar iska kaɗan a can tana rage masa gudu. Wani ƙaramin tauraro mai suna ARISSat-1 da Sergei Volkov da Alexander Samokutyaev suka saki a Agustan 2011 ya ƙone a iska a Janairun 2012, wata biyar kenan.

Amma Malam don Allah kar ka gajiyar da kanka da musu da baki, shi ya fi ci min rai. Ka sa manhajar Spot the Station a waya, za ta gaya maka ranar da tashar za ta wuce ta saman garinku, yawanci bayan magariba ko da asuba. Ka tara su a fili ka faɗi lokacin tun kafin ta fito. Haske ne fari tas, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi, ba ƙara, cikin 'yan mintuna ya ratsa sama ya ɓace. Yaran nawa da suka gani sai ihu, wani har ya ruga ya kira babansa.

Wani abin da ke ba ni takaici ma, yaranmu gani suke wannan harkar ta Turawa ce kawai. Wanda Oleg Artemyev ya saki a Agustan 2014, Chasqui-1, na wata jami'a ce a Peru, kilo 1 ne kacal, santimita 10 kowane gefe. Mu ma a 2017 an saki NigeriaEduSat-1 na jami'ar FUTA Akure daga wannan tashar tare da GhanaSat-1, sai dai su na'ura ce ta cilla su daga ɓangaren Japan na tashar ba hannu ba. Wa ya taɓa gaya wa yaranmu haka? Makarantar da ko batir da waya babu a ɗakin gwaji.

In akwai babba irin nawa a wajenku, ka gayyace shi kallon cikin ladabi, ya zo ko kar ya zo. Nawa bai zo ba. In ka sa ranar ka sanar da mu a nan, kuma ka duba ba hadari tukuna.