Kifi na raguwa a kandami: guza ne, zalɓe ne, ko ɓarawon na cikin ruwa?

Wani mai kiwo daga wajen Dadin Kowa ya aiko cewa ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000 a kandamin ƙasa, bayan wata huɗu ya ja taru ya tarar ba su kai 600 ba, alhali gawar da ya taɓa tsamewa ba ta wuce goma ba. Ya ce ya sha ganin guza a bakin ruwan, don haka shi yake zargi.

Malam, guza ba waliyyi ba ne, amma kafin mu ɗora masa kifi 400 ina so ka tuna ranar da ka ja tarun nan. Ba ka ga wasu ƙattai biyar ko goma da suka ninka 'yan uwansu girma ba, masu faffaɗan kai da tumbi a cike? Idan ka gan su, to ka ga ɓarayinka. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta, kuma tun tana ƙarama take farawa. A zubi guda sai ka ga wasu sun yi zarra cikin makonnin farko, masu kiwo na ce musu shuta. Da zarar bakin ɗaya ya isa ya ɗauki kan ɗan uwansa, shi ke nan, ya bar abincin buhu ya koma nama. Ba gawa, ba jini, ba alama. Kai kana zuba abincin kifi dubu, alhali bakin da ke ci kullum raguwa yake, rarar kuma tana ruɓewa a ƙasa tana ɓata maka ruwa.

Maganinsa warewa ne. A watanni biyun farko ka riƙa kwashe su duk bayan mako biyu, da sanyin safiya kafin a ba su abinci, ka raba manya da matsakaita da ƙanana. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara rainon su a ƙaramin kwami na siminti ko tamfol inda hannu ke kaiwa, sai sun yi ƙwari a kai su babban kandami. Kar kuma ka bar su da yunwa, don yunwa ke koya musu wannan ɗabi'a. Wani abin da ake mantawa: idan ba a busar da kandami ƙaf ba bayan girbin baya, tsohuwar tarwaɗa guda da ta maƙale a taɓo ta isa ta gama da sabon zubi.

Shi guza kuwa yana barin sheda. Duba gaɓar ruwan inda laka take da danshi, za ka ga sawun farata da layin jan wutsiya a tsakiya, wani lokaci da ragowar kifi a cikin ciyawa. A sare ciyawar da ke kewaye tas, a toshe ramuka, a kewaye wurin da langa-langa ko ragar waya mai ƙananan ido, a binne gindinta cikin ƙasa don yana haƙa. Wannan shingen zai tare maciji da kwaɗi ma. Kada ka raina kwaɗo: babba yana haɗiye ɗan kifi, talibambam kuma yana raba musu abinci.

Wata Hajiya daga Azare ta ce tsuntsaye sun addabe ta, ta kafa mutum-mutumi amma a banza.

Hajiya, kwana biyu zalɓe ke jin tsoron mutum-mutumi, ran na uku a kafaɗarsa zai sauka. Shi zalɓe da asuba yake zuwa ko gab da magariba, ya tsaya cak a inda ruwa bai da zurfi. Za ki gane aikinsa da farin kashi a gaɓa, da kifin da ya kuɓuce masa ɗauke da huda a baya kamar an soka masa ƙusa. Raga ce kawai take aiki. A ɗaure ta ta yi tauri, sama da ruwa sosai, gefunan su sauko har ƙasa, don idan ta lotsa ta taɓa ruwa tsuntsu zai tsaya a kanta ya ci ta ido. Ban yarda da sa guba ba. Kajin gida da ruwanki za ki fara kashewa.

Tambaya ta uku daga Bauchi, unguwar Yelwa, ta fi tayar min da hankali. Mai ita ya ce ya wayi gari ya tarar da kifi sun taso sama suna haki, wasu sun juya ciki, kuma manyan ne suka fara mutuwa.

Wannan ba aikin dabba ba ne, ruwa ne. Gansakukar da ke sa ruwa kore tana samar da iskar shaƙa da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take, don haka iskar ta fi ƙaranci gab da fitowar alfijir. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi muni, saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Karfasa ce ke fara faɗuwa. Tarwaɗa tana iya ɗagowa ta kurɓi iskar sarari, shi ya sa take jurewa, har mutane ke zaton ba ta damu da dattin ruwa ba. Ta damu. Kashinta da ragowar abinci suna zama amoniya, mai ƙona mata wurin numfashi. Idan ka ga tarwaɗa ta rataye a tsaye, gashin bakinta a saman ruwa, ba ta motsi, ga wari na tashi, ka dakatar da abinci na yini guda, ka zubar da kamar sulusi zuwa rabin ruwan ka sa sabo. Ka bar ruwan burtsatse ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama, don yana fitowa daga ƙasa ba iska sosai. Idan na famfo ne, ka tara shi ya kwana ɗaya ko biyu sinadarin kilorin ya fita.

Ka kuma tambayi maƙwabta ko wani ya yi feshi. Wanke injin feshi a hanyar ruwan da ke shiga kandami ya isa ya kashe komai cikin sa'o'i, manya da ƙanana ba zaɓi.

Kowane lokaci da nasa. A hunturun Disamba da Janairu kifi na rage ci, sai a rage musu, a jira rana ta ɗaga kafin a zuba. A watan Agusta kuwa, idan ruwan sama ya kawo kandami baki, tarwaɗa kan fita da dare ta ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tafi abinta. A ɗaga gaɓa, a sa raga a bakin bututun fitar ruwa.

Saura mai ƙafa biyu. Idan kifi sun kai na sayarwa, ka zo da safe ka ga ruwa ya dame, sun firgita sun ƙi cin abinci, ga ciyawa a kwance a gefe guda, to an ja raga da dare. Wasu kan kafa turaku a cikin ruwan don ragar ɓarawo ta maƙale, kuma yana taimakawa. Ka ajiye littafi: nawa ka zuba, nawa ka tsame a mace kowace rana, nawa ka ƙirga a kowace warewa, buhu nawa ya shiga. Mai gadi ma ya san kana rubutawa.