Na sauya sunan yarona a maƙalar, shin hakan ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kula da ma'aikata ne a wani sito da ke Apapa, mutum 18 ne a ƙarƙashina. Akwai wata mujallar intanet ta ƙananan manajoji da masu lura da aiki da ke karɓar rubutu daga waje, sai na rubuta maƙala a kan yadda na bi da wani yarona mai yawan fashin aiki, wanda daga baya na gano farfaɗiya ke damunsa. Na sauya sunansa, ban ambaci kamfaninmu ba. Abokina ya ce hakan ya isa, wani kuma a WhatsApp ya ce in ba shi kuɗi ya sa a buga min. Kwana uku ke nan na kasa turawa. Ina tsoron abin ya ci min aiki, ga iyali a Agege, ga tsofaffi a gida suna jiran ƙarshen wata.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan tsoron da ya riƙe maka hannu ya yi maka rana. Kada ka tura ta a yadda take.

Bari in sallami mutumin WhatsApp tukuna, don bai cancanci dogon zance ba. Mujallar da ta san kanta tana da shafin da ta bayyana sharuɗɗan karɓar rubutu da adireshin edita, kuma ba ta da dillali. Rubutun da ake biyan kuɗi a buga, talla ne sunansa, ana kuma rubuta hakan a samansa. Riƙe kuɗinka.

Maganar abokinka ce ta fi damuna, domin kusan babu makon da ba na jin ta. "Ai na sauya suna." Wallahi na gaji da wannan jimla. Mutane sun ɗauka suna shi ne mutum, da an cire Musa an sa Isa shi ke nan an rufa asiri. To, wa ya gaya muku da suna kaɗai ake gane mutum? Makaho ma da tafiya yake gane ɗan gidansu.

Kwanakin baya wata maƙala ta zo teburina daga wani manajan aikin dare a wata masana'anta da ke Ikeja. Rubutun ya yi kyau, ba laifi. Ya ba matar da yake magana a kanta sunan aro, ya kuma rubuta min a sama da manyan baƙaƙe cewa ya ɓoye komai. Sai na karanta: ita kaɗai ce mace a aikin dare, ta dawo daga hutun haihuwa bayan babbar sallah, injin liƙe kwali take kula da shi. A ƙasan maƙalar ga cikakken sunansa, ga hotonsa da rigar aiki. Na buga sunan manajan a LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata ke sa tarihin aikinsu, shayin da ke gabana bai huce ba na ga kamfanin, na ga shekarar da ya fara. Ni baƙo ke nan da ban taɓa shiga ƙofar masana'antar ba. Ina ga mai gadin wurin, ko mijinta, ko matar da ke sayar musu da abinci a bakin get?

Naka ma haka yake, har ya fi. Sunanka zai fito a kan rubutun, don mafi yawan irin waɗannan mujallu suna neman ɗan taƙaitaccen bayanin marubuci da inda yake aiki. Da an san kai ne, an san siton. Da an san siton, mutum 18 ne kawai suka rage, kuma abokan aikinsa sun san wanda ya riƙa fashin aiki. Abin da ba su sani ba shi ne dalili, kai kuma za ka miƙa musu shi a faranti. Kada yawan jama'ar Legas ya ruɗe ka. Garin babba ne, amma Hausawan cikinsa kamar 'yan ƙauye ɗaya muke: maganar da aka yi a Apapa da hantsi, kafin la'asar tana teburin mai shayi a Idi-Araba, gobe a ji ta a Mile 12 da Alaba Rago, jibi direban tirela ya sauke ta a garin su yaron. Ka kuma san yadda mutanenmu ke kallon farfaɗiya. Ana fasa aure a kanta, ana ƙin haɗa kwano da mutum, alhali ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Kai ka samu yabo daga masu karatu, shi ya rasa budurwa.

Doka ma ba ta yarda da dabarar abokinka ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi, kai tsaye ko ta kewaye, a matsayin bayanansa na kansa, ta kuma sa batun lafiya cikin rukunin da ya fi tsanani. A shari'ar ɓata suna ma ba a buƙatar an ambaci suna, ya isa a nuna cewa waɗanda suka san mutumin sun gane da shi ake. Sannan ka koma ka ciro takardar ɗaukarka aiki daga ƙasan akwati ka karanta ta da kyau. Da wuya ka rasa sakin layin da ya hana fitar da sirrin wurin aiki, kuma da shi za a rubuto maka takardar tuhuma. Idan ta kai ga kora, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na nan a buɗe, amma me za ka gaya wa alƙali, alhali ga sa hannunka a kan takardar, ga sunanka a kan maƙalar?

Wasu za su ce ka je ka nemi izininsa. Yana da kyau, sai dai ka yi wa kanka adalci: kai ke rubuta jadawalin aikinsa, kai ke sa hannu a takardar hutunsa. Yaron da oga ya tsare da irin wannan roƙo zai ce "ba komai ranka ya daɗe" ko da cikinsa na tafasa. Wannan ba izini ba ne, kunya ce da tsoron yunwa. Ya gaya maka ciwonsa ne don ka taimake shi ya riƙe abincinsa, ba don ka gina suna da shi ba. Amana ce, kuma ba sai na tuna maka matsayin cin amana a addininmu ba. Abin da ke ba ni mamaki da manajojinmu shi ne, cikin maƙala goma, tara labarin gazawar yaransu ce da yadda su suka yi gwaninta. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ga shi kuwa maƙalar da edita ke nema tana hannunka, ba ka lura ba. Darasin ba ya cikin ciwon yaron, yana cikin makonnin da ka yi kana zarginsa da lalaci kafin ka zauna ka tambaye shi. Juya fitilar ta haska ka. Me ya sa ka yanke hukunci da wuri? A ina ka kira shi, gaban jama'a ko gefe? Da wace kalma ka buɗe zancen har ya saki jiki? Me ka sauya a jadawali, kuma yaya ka yi da sauran da suka fara gunaguni cewa ana son kai? Wannan shi mai kula da direbobi a Ijora ko shugabar masu karɓar kuɗi a wani kanti a Surulere za su karanta su yi aiki da shi ranar Litinin. Cire sunan ciwon gaba ɗaya, ka ce wani uzuri ne na kansa. Cire lokacin, cire irin aikin da yake yi, cire yawan mutanenka. In bayan haka har yanzu abokin aikinsa zai gane shi, ajiye ta sai ta kwana biyu, ka rubuta wani abu daban, misali yadda ake miƙa aiki tsakanin 'yan rana da 'yan dare ba tare da kaya sun yi ƙafa ba.

Kafin ka tura, sanar da oganka da sashen kula da ma'aikata a rubuce, ka haɗa da kwafin. Na san halinsu. Takarda mai shafi biyu sai ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur, kowa na tsoron sa hannu, har zumuɗinka ya mutu. Kada ka zauna jiran gawon shanu. Nemi mutum ɗaya mai ikon cewa e ko a'a, ka faɗa masa ranar da kake son turawa, ka bi shi da tuni duk mako, amsar da ya bayar kuma ta zama ta imel, ba ta fatar baki a kan matakala ba.

Shi kuma edita, fara aika masa layi huɗu ko biyar: kai wane ne, wace matsala za ka taɓa, wa za ta amfana. Tambaye shi ko suna yarda a sa muƙami da fannin aiki kawai ba sunan kamfani, sannan ko haƙƙin mallakar rubutun zai ci gaba da zama naka bayan an buga. In ya amsa, turo min sabon kwafin in duba kafin ya fita.