Me Ya Sa Aka Ci Tarar Gemstar da TV Guide Bayan An Amince da Haɗewarsu?

Tambaya: Malam, na ji cewa gwamnatin Amurka ta taɓa maka wasu kamfanonin jadawalin shirye-shiryen talabijin a kotu kan haɗewarsu. Ina abin damuwa a jadawali kawai?

Amsa: Jadawalin da ake magana a kai shi ne wanda yake bayyana a fuskar talabijin idan mai kallo ya danna rimot yana neman tasha, don haka duk wanda ya mallake shi yana da ta cewa kan abin da ido zai fara gani da kuma tallan da za a ɗora a gefe. A ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni biyu ne suka fi ƙarfi a wannan kasuwa: Gemstar, wanda Henry Yuen yake jagoranta kuma yake riƙe da haƙƙin mallakar fasahohi masu yawa, da kuma TV Guide. Kamfanonin talabijin na kebul suna cin moriyar hamayyarsu, domin idan ɗaya ya tsawwala farashi sai su koma wa ɗayan.

A watan Oktoba na 1999 suka sanar da haɗewa, aka kammala ta a Yulin 2000 ba tare da Ma'aikatar Shari'a ta hana ba. Matsalar ta taso ne daga abin da suka aikata kafin nan. A Fabrairun 2003 ma'aikatar ta zarge su da cewa, tun suna kamfanoni biyu masu zaman kansu, sun daina takara da juna, sun daidaita farashi da sharuɗɗan kwangila, sun raba abokan ciniki a tsakaninsu, har ma sun haɗa baki wajen jan ƙafa a cinikin da suke yi da manyan kamfanonin kebul. Wannan riga malam masallaci ne, kuma ya saɓa wa dokar Sherman ta 1890, wadda ta haramta wa kamfanoni haɗa baki don kashe takara, da kuma dokar Hart-Scott-Rodino ta 1976, wadda ta wajabta jiran binciken hukuma kafin a haɗe ragamar kamfanoni.

An sasanta a kan tarar dala miliyan 5.67, aka kuma ba abokan cinikin damar warware wasu kwangilolin da suka sa wa hannu a wancan lokaci. A ganina wannan damar ta fi tarar muhimmanci, domin kamfanin da ya sa hannu yana zaton akwai masu sayarwa biyu, alhali bakinsu ɗaya, shi ne aka cuta tun farko.