Tambayoyin Masu Karatu: Murtsunguwa ce ko ƙyarana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi doguwar shuka mai ƙaya a wajen masu sayar da furanni, suka ce irin murtsunguwar hamadar Amurka ce mai hannuwa. Yaya zan tabbatar? (Wani malamin makaranta, Garwa, arewacin Kamaru)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya ita ce. Waccan sunanta saguwaro, a hamadar Sonora take, tsakanin Arizona da arewacin Meziko. Tana wuce mita 12, amma girmanta sai haƙuri: a shekara 10 ba ta kai tsawon yatsa ba, hannu kuwa sai ta yi shekara 50 zuwa 75. Wanda ya sayar maka da mai tsawon mita ɗaya a kuɗin cefane, wani abu ya ba ka.

Ɗauki allura ka soki jikinta. In farin nono ya fito, ƙyarana ce, dangin tinya, irin wadda ake shinge da ita a duwatsun Mandara. In ruwa garau ya fito, murtsunguwa ce. Sai ka dubi ƙayar. Ta ƙyarana bibbiyu take fita daga jiki kai tsaye, ta murtsunguwa kuwa tari ce, tana tsirowa daga ɗan tabo mai laushi kamar auduga. Cikin dogayen murtsunguwa da ake shukawa a gidaje akwai nau'in Cereus na Kudancin Amurka: kore mai ɗan shuɗi, da tudu-tudu 4 zuwa 8 daga ƙasa har sama, da babban farin fure da ke buɗewa da dare ya yanƙwane da hantsi.

A kula da nonon ƙyarana, yana ƙona fata, a ido kuma yana iya makantarwa. In ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye, a nufi asibiti.

Tambaya: Maƙwabciyata ta ba ni reshen murtsunguwa, na dasa ran nan na ba shi ruwa. Mako biyu gindin ya yi baƙi yana wari. (Wata uwargida, Marwa)

Amsa: Hajiya, gaggawa ce ta kashe shi. Ɗanyen yanka in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake. Ki samu wuƙa mai kaifi, ki ƙona bakinta a wuta, ki yanke sama da inda ya ruɓe, ki ci gaba da yanka har sai cikin ya fito fes ba ɗigon baƙi ko ja. Ki jingine shi tsaye a inuwa mai iska kwana 10 zuwa 14, har bakin ya bushe ya yi tauri. In kika kwantar da shi, kan zai lanƙwashe.

Ƙasar ma ki canza. Baƙar lakar karal da ake noman muskuwari (dawar rani) a cikinta riƙe ruwa take, ba ta dace ba ko kaɗan. Ki haɗa kwano biyu na yashi mai tsakuwa daga cikin mayo (wato kogi), kwano ɗaya na ƙasar lambu, ɗaya na dakakken jan bulo. Tukunyar ƙasa mai huji ta fi ta roba. Ki binne santimita 5 kawai, ki tokare da kara ko duwatsu, kada ki ba shi ruwa sai bayan mako biyu. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 6.

Daga nan ruwa sai ƙasa ta bushe har ƙasan tukunya. Da bazara wajen kwana 10, da hunturu sau ɗaya a wata. A Agusta ki ja tukunyar nesa da indararo, ki bar ta haka, don ruwan saman Marwa ma ya ishe ta har ya yi yawa.

Tambaya: Tawa tana falo, kanta ya sirance ya yi fari-fari. (Daga Kusuri)

Amsa: Rana take nema. A fitar da ita, amma a hankali: mako biyu tana shan hantsi kawai, sannan rana sosai, in ba haka ba fatar za ta ƙone ta yi tabon da ba ya gogewa. Wurin da ya sirance ba zai yi kauri ba, in ya dame ku a yanke, sababbin rassa za su tsiro daga gefen yankan.