Wa ke rubuta wasannin Mr. Bean?

Malam, ka tambaya ko Rowan Atkinson, mai fitowa a matsayin Mr. Bean, shi ne ke ƙirƙiro barkwancinsa nan take a gaban kyamara, ko akwai mai rubuta masa. Akwai, kuma wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Richard Curtis.

An haifi Curtis a 1956 a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan, amma a Ingila ya yi yawancin karatunsa. A Jami'ar Oxford ya haɗu da Atkinson, suka fara shirya wasan dandamali tare. Daga nan suka shiga BBC, suka yi wasan barkwanci na talabijin mai suna Blackadder a 1983. Mr. Bean ya fito a 1990, kashi 15 kacal, tare da Robin Driscoll cikin marubutansa.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne ɗaukar cewa tunda babu magana sosai, babu rubutu. Tuna ɗakin jarrabawar nan inda Bean ke leƙen takardar maƙwabcinsa: kowane motsi an tsara shi tun kafin ɗauka. A ganina wannan ya fi rubuta hira wuya nesa ba kusa ba.

Fim ɗin da ya fito da sunan Curtis a duniya shi ne Four Weddings and a Funeral na 1994, wanda ya sa ya shiga takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar. Notting Hill ya biyo baya a 1999.

Ka kuma ce kana son sa wa wasannin muryar Hausa ka ɗora a YouTube. Kafin nan ka nemi lauya masanin haƙƙin mallaka, domin suna da masu su, kuma ana iya rufe maka tasha.